Me ya sa allurar kashe zafi ba ta kama haƙorin da ya yi mugunya?

Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin haƙori a Agege, kuma maganar da na fi ji a bakin mutanenmu ita ce, "Ni allura ba ta kama ni." Kwanaki wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya zo kunci a kumbure, har idonsa ya ƙanƙance. Likita ya yi masa allura, muka jira, ana taɓa haƙorin ya zabura. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ai tun ina yaro aka ba ni maganin tauri." Na ce, "Baba, mugunyar da ke gindin haƙorin ce ta tare allurar."

Maganin da muka fi amfani da shi lidoken ne, wanda wani masanin kimiyya mai suna Nils Löfgren ya haɗa a ƙasar Suwidin a 1943. Aikinsa toshe 'yan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiyar da ke ɗaukar saƙon zafi. In sodiyam bai shiga ba, saƙon zafi ba zai kai ƙwaƙwalwa ba. To amma daga ciki yake toshe su, don haka sai ya fara ratsa bangon jijiyar. Naman da ya yi mugunya tsami gare shi, tsamin nan kuwa yana juya yawancin maganin zuwa siffar da ba ta iya ratsa bangon. Ga jini ya yawaita a wurin kumburi, yana kwashe ɗan abin da ya rage.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu cewa, "A ƙara mini, zan iya ɗauka." Maganin nan da nauyin jiki ake auna shi: ko an haɗa shi da adirenalin, mai matse hanyoyin jini don ya daɗe a wurin, ba a wuce miligiram 7 a kowane kilo. In ya yi yawa a jini, mutum zai ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne ya riƙa ƙara, daga nan sai jijjiga, har zuciya ta iya tsayawa.

Shi dattijon, likita ya koma can ƙuryar muƙamuƙi ya yi allurar kusa da babbar jijiya, inda naman ke da lafiya. Da leɓensa ya yi nauyi aka cire haƙorin, mugunyar ta fita. Dannawa da girgizawa kam ya ji su, domin zafi ne ke fara ɗaukewa kafin jin taɓi, kuma tun kafin a soma na gaya masa haka don kada ya tsorata. Mako biyu ya yi yana cusa kanumfari a ramin haƙorin kafin ya zo.