Dillalin da ya ƙi sakin hannu

Wani Alhaji mai sayen wake da gyaɗa kusa da kasuwar Dole, nan Damagaram, ya sayo sikeli irin wanda ake jonawa da kwamfuta, ya ce in rubuta masa manhajar da za ta riƙa ɗaukar nauyin kowane buhu tana buga kuɗinsa. Ni da C# na saba a cikin harsunan rubuta manhaja. Masu sikelin kuwa da wani harshen, C++, suka yi nasu aikin, kuma ƙofa ɗaya suka bari: wani aji ne (class, wato rukunin ayyuka a cikin manhaja) ƙwarangwal, sunayen ayyuka kawai, kowanne da "= 0" a wutsiyarsa. Ba ya tsayuwa da kansa. Sai ka gaje shi, ka sa masa tsoka, ka miƙa musu, su riƙa kiranka duk lokacin da buhu ya hau sikeli.

Kwana biyu na ɓata a kan P/Invoke, hanyar da C# ke kiran ayyukan da aka rubuta da wani harshe, kafin na gane kiran ayyuka irin na C ya iya, gadon aji ba huruminsa ba ne. Na koma C++/CLI, harshen da ke haɗa C++ da .NET, gidan da C# ke zaune, wanda Microsoft ta fitar tare da Visual Studio 2005. Can ma da sharaɗi: ajin .NET ba ya gadon ajin C++ tsantsa, wannan ma ba ya gadon wancan. Tarbiyyarsu ce ba ɗaya ba. A gidan .NET akwai mai shara da ke kwashe abin da aka daina amfani da shi, har yakan matsar da kaya daga nan zuwa can. C++ kuwa in ya riƙe adireshin abu, ya ɗauka yana nan daram.

Sai na sa dillali a tsakani, wani ɗan aji na C++ tsantsa da ya gaji ƙwarangwal ɗin. Sikeli ya kira shi, shi kuma ya miƙa saƙon ga ajin .NET da ya riƙe ta hanyar gcroot, igiyar da C++ ke riƙe abin .NET da ita. Ajin .NET ɗin kuma yana riƙe da adireshin dillali. Nauyi ya fito a allo, Alhaji ya sa albarka, na tafi gida ina jin kaina.

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, ana gab da la'asar ya kira ni.

"Ɗan nan, injinka ya sume. Ga mutanen ƙauye da amalanke sun yi layi."

"Ranka ya daɗe, a kashe a kunna, ga ni nan."

Na tarar da yaron shago ya koma biro da littafi. Na zauna kan buhu ina kallon ma'ajiyar kwamfutar: duk mai kayan da aka buɗe wa sabon shafi sai ta ƙaru, in an rufe ba ta raguwa. Ashe na bar goge dillali sai ranar da mai shara ya zo kwashe ajin .NET, shi kuwa mai shara ba ya taɓa abin da gcroot ya riƙe. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara saki, kamar masu gaisuwar da suka ƙi cika hannu.

Gyarana na farko ya fi ɓarnar muni, kuma gaggawa ce ta jawo. Na mai da riƙon sako-sako, wanda ba ya hana shara. Ma'ajiya ta daina cika, amma ana tsakiyar awo mai shara ya kwashe ajin, dillali ya bi shi, sikeli ya kira adireshin da ba kowa, manhaja ta mutu ko sallama babu. Gara ma cikar ma'ajiya, ita tana ba ka wuni guda.

Daga nan na daina barin maganar a hannun mai shara. A C++/CLI, aikin rushewa mai alamar ~ shi ke zama Dispose a wajen C#, wato aikin da kai da kanka kake kira don sakin kaya, mai alamar ! kuma shi mai shara ke kira in ya ga dama. Na mai da komai cikin na farkon, bi da bi: a cire sunan dillali daga sikeli, a jira kiran da ke hanya ya ƙare, sannan a goge shi. Rufe shafi shi ke kiran Dispose, ba wani ba.

Alhamis ta gaba na wuni a shagon, ido kan allo, har aka ɗaure buhun ƙarshe. Alhaji bai tambayi abin da na gyara ba. Ya dai ce wa yaron kada ya yar da littafin nan tukuna.