Ranar da ban dangwala yatsan tashi ba

A kamfanin casar shinkafar da nake aiki a Gombe, sau biyu muke dangwala yatsa a na'ura: da safe in an shigo, da yamma in an tashi. Ma'aikatan gwamnatin jiha sun san wannan tsari sarai tun da gwamnatin Inuwa Yahaya ta kawo shi. A wurinmu dai, in na'ura ta ga shigarka ba ta ga fitarka ba, ranar tamkar ba ka zo ba ce.

Wata Alhamis da damina hadari ya taso gab da magariba, ga shanya baje a fili. Muka ruga da tamfol, muka rufe abin da ya rufu, muka yi salla, na tari Keke Napep zuwa Tumfure a jiƙe sharkaf. Sai da na kwanta na tuna.

Washegari kafin a tayar da inji na isa ofishin albashi. Na ce, "Hajiya, jiya yatsana bai shiga ba a tashi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To Malam, wa ya ga fitarka?"

Wannan tambayar ita ce gyaran gaba ɗaya. Maganarka kaɗai ba ta isa a taɓa lissafi ba, kuma daidai ne, domin da ana yarda da baki da kowa ya ƙara wa kansa awa. Na tafi wurin Baba mai gadi. Ya buɗe littafinsa mai baƙin bango, gefen takardun duk ya sha danshi, ya bi layi da ɗan yatsa har ya tsaya kan sunana: 6:40. Da shi na cike takardar gyara, na sa kwanan wata, lokacin shiga, lokacin fita da dalili a layi guda, shugaban sashenmu ya sa hannu.

Wani abokin aiki ya ce in rubuta ƙarfe 7, ai mun wahala. Na ƙi. Minti 20 ba su kai a ce gobe takardata ta saɓa da littafin Baba ba.

A rajistar hannu kuwa Hajiya ba ta yarda da gogewa. Layi ɗaya ake ja kan kuskure yadda za a iya karanta na farko, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu.

Kada kowa ya raina kwana ɗaya. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Raba shi kwana 26, kusan naira 2,700 ke nan, cefanen gidan wani. Ga shi ana rufe lissafinmu ranar 25, wanda ya makara sai wata mai zuwa.

Na ɗauki hoton takardar da waya kafin in miƙa. Da albashi ya fito na ƙirga kwanakin ɗaya bayan ɗaya, Alhamis ɗin tana ciki.