Asabar, ni da baƙar tawada

Tun asuba hazo ya rufe gari, ko darbejiyar ƙofar gida da ƙyar ake hango ta. Babu wuta tun daren jiya, cajin waya ya kusa ƙarewa, sai na kashe ta na ajiye. Bayan karin kumallo na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko littafin da abokin aikina ya ara mini tun sati biyu, kullum ina cewa gobe. Sunansa Persepolis, na Marjane Satrapi, 'yar Iran da ta ba da labarin yarintarta da zane. A Faransa ya fara fitowa, kashi huɗu, daga 2000 zuwa 2003. Nawa na Turanci ne, an haɗe su a kundi ɗaya, bangon har ya fara sakin jiki.

Ban yi nisa ba ɗana na biyu ya leƙo ta kafaɗata. Shekararsa takwas. Ya kalli shafi biyu, ya ce, "Abba, kala ce ta ƙare musu?" Kafin in buɗe baki ya ruga ɗaki ya kwaso fensiransa masu launi, wai zai ƙarasa musu aikin. Na ce littafin aro ne, kuma wadda ta zana shi da gangan ta bar shi baƙi da fari. Bai gamsu ba, ya tafi wasansa.

Ni ma a lokacin ba ni da cikakkiyar amsa. Sai bayan azahar na same ta, a babin da ya faru ranar Asabar irin ta yau. Yaƙin Iran da Iraƙi, wanda aka fara a 1980 aka shekara takwas ana yi, ya kai matakin da makamai masu linzami ke sauka a Tehran. Yarinyar tana kasuwa ta ji an ce ɗaya ya faɗa unguwarsu. Ta dawo a guje. Gidansu ya tsira, na maƙwabtansu ne ya rushe, wasu Yahudawa da ba sa fita ranar Asabar. Mahaifiyarta na jan hannunta don su wuce da sauri, sai idonta ya faɗa kan awarwaron ƙawarta mai shuɗin dutse a cikin ɓaraguzai, kuma ba a ƙasa yake shi kaɗai ba. Ba a nuna mana abin da yake jikinsa. Yarinyar ta rufe fuska da hannuwa. Akwatin zane na ƙarshe kuwa baƙi ne ƙirin, ba mutum, ba gida, sai layin rubutu ɗaya.

Na daɗe ina kallon wannan baƙin. Wallahi shuɗin awarwaron nan na gan shi, alhali babu ɗigon shuɗi ko ɗaya a littafin. Da an shafa ja a wurin a ce jini ne, da na kau da kai na juya shafi. Da ta bar ni da duhu, sai zuciyata ta cike gurbin da kanta, kuma abin da ta cike da shi ya fi duk abin da fenti zai iya.

Ba komai na littafin ne ya kwanta mini ba. Akwai wuraren da take zana Ubangiji da siffar tsoho mai gemu yana hira da ita tana ƙarama. Raina bai so ba, na wuce su da sauri, kuma saboda su ba zan bar littafin inda yara za su ɗauka ba. Amma baƙin cikin da ta zana na gaskiya ne, ban iya musunta shi.

Da la'asar na tuna wasu biyu da na karanta a baya. Maus na Art Spiegelman, wanda ya zana yadda mahaifinsa ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka tsare Yahudawa suna kashe su, ya zana Yahudawa da siffar ɓeraye, Jamusawa da siffar kyanwoyi, har aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer a 1992. Sai Palestine na Joe Sacco, da ya yi wata biyu a yankunan Falasɗinawa tsakanin ƙarshen 1991 da farkon 1992. Hannunsa daban ne. Satrapi malala baƙi take yi, shi kuwa siraran layuka yake jerawa dubbai, har taɓon sansanin 'yan gudun hijira na Jabaliya a Gaza ka ji kamar zai manne maka a takalmi. Tawada ɗaya, murya daban-daban.

Mu da muka tashi da allo bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Kakata da gawayi da ƙaro take haɗa mana tawada, mu tsoma alƙalamin kara mu ja baƙi a kan farin allo, kuma babu wanda ya taɓa cewa rubutun bai cika ba don ba shi da launi.

Wannan na faɗa wa yaron bayan magariba, na nuna masa wani shafi mai dusar ƙanƙara da duwatsu. Ya yi shiru. Can sai na ji shi yana yaga kwalin sabulu. Ya ɗauko kwalbar tawadarsa ta makarantar allo da alƙalami, ya kwanta rub da ciki gaban fitila mai caji. Ya zana gidanmu, da ƙofa, da rabin darbejiya. Na tambaye shi ina sauran bishiyar. Ya ce, "Hazo ne ya rufe ta, Abba."

Mahaifiyarsa ta fito tana faɗa, tawadar da zai je da ita makaranta gobe da safe ta ƙare tas. Na ce ta yi haƙuri, zan biya wajen malam da sassafe in sayo wata. Kwalin yana nan kan tebur yana bushewa. Wuta har yanzu ba ta dawo ba.