Gyaran jirgin faiba a tsakar gida, a Maraɗi

Na taso a Yawuri, a bakin kogin Kwara, cikin dangin da sana'arsu kamun kifi da tuƙin jirgi, kuma cinikin busasshen kifi ne ya kawo ni Maraɗi da iyalina a shekarar 2022. Mutum zai yi zaton Bahaushen Najeriya ba zai ji baƙunta a garin Katsinawa da Gobirawa ba, amma hukuma daban ce, takardun ofis da Faransanci ake rubuta su, farashi kuma a kasuwa da dala ake faɗinsa, sai mai saye ya ninka sau biyar kafin ya san yawan sefar da ake nufi. Waɗannan duk na saba da su cikin watanni. Abin da ya fi daɗewa yana damuna shi ne rashin ruwan da za a shiga, domin Gulbin Maraɗi da damina kawai yake gudu, da rani kuwa yashi ne.

Da na san tafkin Madarunfa, wanda yake kudu da gari kafin a kai iyakar Najeriya, kuma ba ya ƙafewa ko da ya ja baya da bazara, sai na aika aka ɗoro mini wani tsohon ƙaramin jirgin faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilas da daskararren ƙaro, da na bari a gida. Ta Sakkwato da Illela da Birnin Ƙwanni aka biyo da shi a saman motar kaya, ya iso da tsaga a gindinsa. Niyyata ta wuce liƙe tsagar. An ƙera jirgin ne don inji da ruwa mai zurfi, ni kuwa ina son wanda za a tuƙa da gora da filafili a ruwa mara zurfi, a ja shi kan yashi ba tare da ya cinye ba, kuma, mafi muhimmanci, wanda ba zai nutse ba idan ya cika da ruwa.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci bayani, domin masu kwalekwalen katako ba su cika saninsa ba. Katako ya fi ruwa sauƙi, don haka kwalekwale ko ya cika yakan tsaya a saman ruwa, mutane su riƙe shi har a kawo ɗauki. Faiba kuwa ta fi ruwa nauyi da kusan rabi, wato jirgi mai kilo 90 yana da sauran nauyin kilo 30 a cikin ruwa, kuma wannan ya isa ya kai shi ƙasa. Kowace lita ɗaya ta iskar da aka kulle tana ɗaga kusan kilo ɗaya. Saboda haka na gina akwatuna biyu a goshi da bayan jirgin, na cika su da gorunan roba da aka ɗaure bakinsu, na rufe su ruf da faiba. Duk wanda ya fito daga ƙasar Yawuri bai manta da hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021 ba, da yawan gawarwakin da aka yi ta tsamowa, kuma tun daga lokacin ba na ɗaukar maganar nutsewa da wasa.

Kayan aikin daga Kano nake sa a sayo mini: tabarmar zaren gilas mai nauyin giram 450 a kowace murabba'in mita, da rezin, wato ruwan ƙaron da ake jiƙa tabarmar da shi su daskare su zama faiba, da sinadarin da ke daskarar da shi wanda ake kira MEKP, da asiton na wanke wuri da buroshi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024, aikin ya tsaya cak. Rezin ba ya son ajiya a zafi, kuma galan ɗin da ya rage mini ya yi kauri har ya ƙi zuba. A waɗannan watanni ne na gane yadda abincin Maraɗi da wutar lantarkinta da cinikinta suke ɗaure da Najeriya, domin maƙwabtana 'yan kasuwa sun fi ni shan wahala nesa ba kusa ba.

Yanayin garin shi ya tsara mini lokutan aiki. Rezin ya fi son sanyin da bai wuce digiri 25 ba, a Maraɗi kuwa Afrilu da Mayu sukan haura 40, sai ya daskare a cikin gwangwani, ya yi zafi har ya yi hayaƙi, kafin a gama shafa shi. Don haka bayan sallar asuba nake farawa, in dama kaɗan-kaɗan, in auna sinadarin da sirinji, kashi ɗaya cikin ɗari, wato mililita 10 ga lita ɗaya, ba na kai shi kashi biyu sai da sanyin hunturu. Hunturun ma da tasa matsalar, domin ƙura tana sauka kan ɗanyen rezin ta hana shafi na gaba kamawa, dole in kewaye wurin da zana da leda. Wajen tsagar, sai da na gurje gefenta ya yi gangare mai faɗin ninki 12 na kaurin jikin jirgin, sannan na jera faci bisa faci, ina murza kowanne da ƙaramin abin birgima na ƙarfe har farin kumfar iska ya ɓace, zaren ya koma garai-garai. A tsawon gindin jirgin na ƙara shafi uku don jure gogar yashi. Ƙurar gurza tana sa ƙaiƙayi mai tsanani kuma tana cutar da huhu, warin rezin yana sa ciwon kai, shi ya sa nake rufe hanci da ido, in sa riga mai dogon hannu, in hana yara kusantar wurin.

Warin ne ma ya fara haɗa ni da mutanen unguwa. Wani dattijo maƙwabcina ya yi sallama wata safiya ya ce, "Ɗana, wane irin magani kake dafawa da ya hana mu shan kunu lafiya?" Na ce, "Baba, a gafarce ni, shigo ka gani." Ya daɗe yana zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da sanda, sannan ya ba ni shawarar in mayar da aikin wani kango nasa a bayan layi, inda iska take kwashe warin. Shi ne ya raka ni gidan mai unguwa ya gabatar da ni, shi ne kuma ya ce kada in kuskura in sa jirgi a tafkin ban gaida shugaban masunta ba, ban kuma nemi izinin ma'aikatan ruwa da gandun daji ba. Mai walda na bakin titi ya ƙera mini zobban ɗaure igiya, masu gyaran babur suka fara kawo mini fasassun robobi, kuma daga nan ne aka fara kirana zaman fada da yamma.

Ranar gwaji mun kai jirgin Madarunfa, muka tsaya inda ruwa yake iya ƙirji, muka cika shi da bokiti da gangan. Ya zauna da bakinsa a saman ruwa, mutum uku suka rataya a jikinsa bai tafi ba. Masunta da dama sun nemi in lulluɓe musu kwalekwalensu da faiba, kuma na ƙi, na bayyana musu dalili: wannan rezin ba ya kama jiƙaƙƙen katako sosai, idan ruwa ya shiga tsakani ba ya fita, sai katakon ya ruɓe a ɓoye mai jirgi bai sani ba. Wanda ya yarda ya kife sabon kwalekwalensa a inuwa ya bushe sarai, kuma ya iya sayen rezin mai tsada irin na ifoksi, shi zan yi wa. Sauran na koya musu ɗaure jarkoki rufaffu a ƙarƙashin wurin zama, wanda a lokacin kuɗinsa bai kai jika biyu ba, wato sefa dubu biyu.