Gwaji Nawa Ka Yi Kafin Wannan?

Ranar da na ga 0.03 a fuskar kwamfuta, sai da na miƙe tsaye don murna. Na shafe makonni ina juya bayanan ɗalibai na aikin kammala digiri, ina neman abin da ke da alaƙa da makin jarrabawarsu. Na gwada awannin karatu, shiru. Na gwada yawan barci, shiru. Can na raba su gida biyu, masu zaman gaban aji da masu zaman baya, na ware mata kaɗai, sai lambar da gwajin ƙididdiga ke bayarwa, wadda ake kira ƙimar p, ta faɗo ƙasa da 0.05, iyakar da in an sauka ƙasa da ita aka saba cewa an gano wani abu. Na buga takardar, na nufi ofishin malamin da ke duba aikina.

Ya dubi takardar, ko biro bai ɗauka ba.

"Gwaji nawa ka yi kafin wannan?"

"Malam, za su kai ashirin."

"To, je ka lissafo min. A ce babu komai a cikin bayanan nan, ka yi gwaji ashirin. Yaya yiwuwar ko ɗaya ya ba ka irin wannan da ka kawo?"

Lissafin bai ci min minti biyar ba, amma ya hana ni barci. In ka sa iyakarka a 0.05, ka amince ke nan cewa ko da babu komai, gwaji ɗaya cikin ashirin zai nuna maka kamar akwai. Yiwuwar duka ashirin su wuce ba wanda ya ruɗe ka, in ba su jingina da juna ba, ita ce 0.95 a ninka ta da kanta har sau 20, wato kusan 0.36. Saura kashi 64 cikin 100. Ashe abin da nake wa murna ya fi kusa da faruwa a kan rashin faruwa, ko da bayanan shirme ne zalla.

A nan na gane cewa na ci jarrabawar ƙididdiga ba tare da na san tambayar da gwajin hasashe yake yi ba. Ni a zatona, 0.03 na nufin kashi 97 cikin 100 ina da gaskiya. Ashe ko kusa ba haka ba ne. Gwajin yana farawa ne da ɗaukar cewa babu bambanci, babu alaƙa, duk abin da ka gani katari ne. Wannan shi ne hasashen babu. Sannan ya tambaya: in haka ne, sau nawa za a ga sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi tsanani? Amsar ita ce ƙimar p.

Labarin da ya zaunar min da abin shi ne wanda masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya kawo a littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje. Wata mata a Ingila ta ce tana iya bambance shayin da aka fara zuba wa madara da wanda aka fara zuba ruwan shayin. Fisher ya tsara kofi takwas, huɗu haka, huɗu haka, a cakuɗa jerinsu, ta zaɓi huɗun da aka fara da madara. Hanyoyin zaɓar huɗu cikin takwas guda 70 ne, ɗaya ce kaɗai daidai, don haka mai cinke zai dace sau 1 cikin 70. In kuwa ta ci uku ta kuskure ɗaya, hanyoyi 16 ne ke kai wa nan. A haɗa da waccan ɗayar, 17 cikin 70, kusan kashi 24 cikin 100. Wannan ba ya isa hujja. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk wannan an yanke shi tun kafin ta kai kofi baki. Ni kuwa sai da na harba kibiya, sannan na je na zana da'ira a inda ta faɗa.

Ita kanta 0.05 ba saukakkiya ba ce. Fisher ne ya yaɗa ta tun a littafinsa na 1925 saboda sauƙin aiki, mutane suka mai da ita katanga. A ganina, wanda ya samu 0.049 da wanda ya samu 0.051 abu ɗaya suka gani, sai dai ɗaya ya yi shela, ɗaya ya ɓoye a aljihun tebur. Har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri, ba ta kuma auna gaskiyar hasashe.

Akwai kuma kuskure na biyu da na tafka ban sani ba. Masanan ƙididdiga Jerzy Neyman da Egon Pearson sun fayyace a 1933 cewa mai gwaji na iya faɗawa rami biyu: ya ce akwai alhali babu, ko ya ce babu alhali akwai. Duk gwaje-gwajen da suka yi min shiru, na riga na rubuta a kansu cewa "babu alaƙa". Malam ya ja layi a ƙarƙashin kowanne. Ɗaliban da na tattara ba su da yawan da zai bayyana ƙaramin tasiri, don haka iyakar abin da zan iya cewa shi ne ban samu hujja ba.

Na sake aikin daga tushe. Na rubuta hasashe ɗaya tak a takarda, kan wurin zama da maki, da irin gwajin da zan yi da iyakar da zan tsaya a kai. Malam ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya jefa ta cikin aljihun teburinsa. Na tattaro sababbin bayanai daga wani aji dabam. Lambar ta fito nesa da 0.05, ba ta ko leƙo kusa ba.

Na kai masa jiki a sanyaye. Ya zaro waccan takardar, ya ajiye ta gefen sabuwar, ya karanta duka biyun.

"Rubuta shi haka," in ji shi. "Ka kuma lissafa ashirin ɗin nan duka a babi na huɗu, kada ka bar ko ɗaya."