Na koma aji, ga godiyata

Assalamu alaikum jama'a, yau dai na ce sai na zauna na rubuta wannan, domin jiya aka manna sakamakon samista ta farko tun da na koma makaranta, kuma Alhamdulillah babu kari-oba, wato kwas ɗin da na faɗi sai na maimaita, ko ɗaya.

Waɗanda suka san ni sun san abin da ya faru, hatsarin mota ina aji 2 a koyon aikin jinya, ƙashin cinyar dama ya karye, aka yi tiyata aka zura ƙarfe cikin ƙashin aka ɗaure da kusoshi, likita ya ce wata 4 zuwa 6 zai haɗe in Allah ya yarda, nawa kuwa ya ce bai san zancen ba sai da aka sake shiga da ni tiyata, haka na share shekara 2 cur a gida. Amma wallahi ciwon ƙafar bai kai na zuciya ba. Ranar da 'yan ajinmu suka cika status da hotunan rigar kammala karatu, fita na yi daga gurup ɗin, na juya fuska bango, ko gaisuwa aka zo sai in yi kamar barci nake.

Umma, ban san ta inda zan fara ba. Watannin farko ke ce mai tashi duk bayan awa 2 ki gyara min kwanciya don kar gyambo ya fito min a baya, kuma ban taɓa jin kin yi tsaki ba, ni ne ma mai tsakin. Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

Sai abokina da ba zan kama suna ba don na san ba ya so. Shi ya karɓo fom ɗin ɗage karatu ya kawo min har gado, na ce ya yaga ni na gama da boko, ya ce malam ba shawara na zo nema ba, sa hannu kawai. Shekara ta zagayo ya sake sabuntawa ban ma sani ba. Da ba don takardar nan ba da tuni an soke sunana. Mai fisiyo, wato mai yi min gashin ƙashi a asibiti, ke ma na gode, duk da na zage ki a zuci ranar da kika lanƙwasa min gwiwa har digiri 90, ki yafe min.

Ranar da na koma, na shiga aji da sanda duk kunya ta ishe ni, yara ne sa'annin ƙannena, na lallaɓa can baya na zauna. Darasin anatomi ne, malam ya ce jikin babba ƙashi 206 ne, ya ɗaga na cinya ya ce wannan ya fi kowanne tsawo da ƙarfi, ban san lokacin da dariya ta kufce min ba. Ya ce kai na baya lafiya? Na ce malam nawa dai bai ji wannan labarin ba. Aji ya kwashe da dariya, shi kuma ya ce sati mai zuwa in zo da hotunan ƙashina. Haka na tsaya gaban allo ina nuna musu inda ya karye da inda sabon ƙashi ya taru ya rufe, ana ta jefo min tambaya, rabon da in ji ina da amfani irin na ranar har na manta. Malam, Allah ya ƙara ɗaukaka.

'Yan ajinmu da kuka maida sunana Yaya, kuna ajiye min kujerar gaba, har kuka roƙa aka dawo da lakca ƙasa saboda bene, na gode ƙwarai. Wanda na manta ya yi haƙuri.

Har yanzu ina ɗan ɗingishi, kuma samista mai zuwa asibiti za a tura mu, tsayuwa ce ta awowi, ku sa ni a addu'a. Wanda ya ara min sandar nan kuma ya zo ya ɗauki kayarsa, tana bayan ƙofa, yau kwana 40 ban taɓa ta ba.