Ƙarar na'ura

Wallahi har yau in na ji "tit tit" sai gabana ya faɗi. 'Yata bakwaini ce, a sati 29 ta zo, kilo 1.1, aka sa ta a kwalba, 'yar ƙafarta kamar babban yatsana an naɗa mata wani abu mai jan haske yana auna oksijin da bugun zuciya. Ashe irinsu mantawa suke da numfashi, na'urar ce ke ƙara nas ta zo ta shafa bayanta. Da dare ta kyamara nake kallonta a waya ina tatsar nono ina hawaye. Nas ɗin kullum sai ta ce "Maman bebi, bar kallon lambobin nan, ɗora ta a ƙirji." Jiya muka kai kilo 2, Alhamdulillah.